Saura kalma ɗaya, Malam Sabo ya tafi

Yau da safe ina tsaye a bakin titi ina jiran adaidaita labarin ya same ni. Malam Sabo ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Abin da ya fi ci mini rai, minti goma kafin nan ni ne na rubuta a guruf ɗinmu: “Yau dai Malam ya makara, a ci shi tara.” Har da alamar dariya na sa. Sai ga maƙwabcinsa ya turo cewa bayan sallar asuba ya ce ƙirjinsa na ciwo, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Sabo tsohon malamin gona ne, mun yi aiki a ma'aikata ɗaya kafin ya yi ritaya. Tun da ya ajiye aiki ya ɗora wa kansa wani sabo. Kullum zai ja layuka da rula a bayan tsohuwar takarda, ya yi gidaje, ya baƙanta wasu da biro, ya rubuta tambayoyi a ƙasa, waɗannan amsarsu a kwance, waɗancan a tsaye, kowane gida harafi ɗaya. Ƙarfe bakwai ya ɗauki hoto ya turo mana.

Kuma kowace rana da jigonta. Yau kayan girki, gobe unguwannin Dutse, jibi sassan babur. Akwai ranar da ya yi mana na sunayen ciwon awaki, ofis ɗinmu kaf aka rasa mai amsa uku.

Har yau ina mamakin yadda kansa ke aiki. Ku ji wannan: “Ɗaki ne ba a kwana a ciki, amma in ya zama wayam maigida ba ya barci.” Gida biyar. Na yi ta zagaye har azahar, ashe rumbu ne. Don Allah ta ina mutum yake fara tunanin irin wannan?

Ranar sunan 'yata ya yi na musamman, duk amsoshin sunayen mata ne, nata a tsakiya. Matata ta sa an yi masa firam, yana falo.

To ga abin kunyata. Shekara biyu ina wannan wasa, ban taɓa kammala ko ɗaya ba. Wallahi ko ɗaya. Mata biyu a guruf ɗin kafin tara sun gama sun turo, ni kuwa kullum sai na bar gidaje a buɗe. Ɗan birni Malam yake ce mini, wai ban san dawa ba sai a kwano.

Juma'ar da ta wuce na biya ta gidansa a Yalwawa. Yana kan tabarma da rularsa, ya turo mini faranti da dabino. Na ce, “Malam, ka riƙa sassauta mana mana.”

Ya ce, “Nura, kai matsalarka waya kake tambaya. Tambayi mutum. Ba sata ba ce.”

Da zan tafi ya ƙara da cewa, “Ina so dai wata rana in buɗe wayata in ga naka a cike. Ko sau ɗaya.”

Na ce masa an kusa. Ya yi dariya har da tari.

Na jiya jigonsa gona ne. Na kwafe shi a takarda kamar kullum, na zauna masa da gaske, ko abincin rana ban fita ba. Dami, sussuka, zangarniya, duk na samo. Ban taɓa zuwa kusa haka ba. Saura ɗaya tak, lamba tara a kwance: “Ba a shuka ni ba, ba a gayyace ni ba, ruwan farko na sauka na fito daga abin da ya zube bara.” Gida shida, farkonsa G, ƙarshensa O.

Kun san me na fara rubutawa? Gwanjo. Ni kaina sai da na yi wa kaina tsaki.

Na ninke takardar na sa a aljihu, na ce gobe kafin bakwai zan tare wani in tambaya, in tura wa Malam ya sha mamaki. Da ita a aljihuna na je jana'iza.

Bayan mun dawo daga maƙabarta muka zauna a ƙofar gida. Kusa da ni wani dattijo ne, siriri, tafin hannunsa duk kanta. Aka ce mini yayan Malam ne, daga ƙauyensu ta wajen Kafin Hausa ya zo. Na yi masa ta'aziyya. Na sa hannu zan ciro hankici, takardar ta faɗo.

Ya ɗauka ya juya ta. Ya ce, “Wannan ai irin zanen Sabo ne.”

Na ce, “Shi ne, Baba. Ɗaya ce ta gagare ni.”

“Karanto mini. Ni ba na boko.”

Na ji nauyi, wurin makoki ne. Amma ya kafe ni da ido, sai na karanta a hankali. Ban ma kai ƙarshe ba ya ce, “Gyauro.”

Na ƙirga da yatsa. Shida cif.

Ya ce, “Shekaranjiya ya kira ni a kanta. Ai kullum bayan la'asar sai ya kira, Yaya me ake ce wa kaza, Yaya yaya Inna take faɗin kaza. Ni da na zaci mantuwa ce ta tsufa ta kama shi.” Sannan ya ce, “Ashe raba wa mutane yake yi.”

Sai ya tambaye ni mu nawa ne muke yi. Na ce mun fi arba'in. Ya sa gefen rawaninsa ya goge ido. Shekara biyu muna yaba kan Malam, shi kuma yana can ƙauye yana amsa waya, ba mu san da shi ba, bai san da mu ba.

Na ari biro a wurin na cike gidajen. Karo na farko a rayuwata babu gurbi ko ɗaya.

Da na dawo gida na ɗauki hotonta na tura wa lambar Malam, shi kaɗai, ba guruf ba. Na rubuta, “Malam, mutum na tambaya.” Alama ɗaya ce ta fito, ta an tura ba a karɓa ba. Tun la'asar nake dubawa, tana nan ɗaya.

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba.

Allah Ya jiƙan Malam Sabo, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba iyalinsa da yayansa haƙurin wannan rashi. Duk wanda ya karanta har nan, ko bai san shi ba, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce.