Ranar da Malam Zarto Ya Ɗaga Hannu

Malam Zarto yara suke ce masa, har malamai suka ɗauka, har matarsa in tana jin tsokana. Shi ke koyar da aikin katako a wata makaranta, a wani dogon ɗaki can bayan azuzuwa, inda ƙamshin katako kaɗai ya isa ya nuna wa baƙo hanya. Mutum ne mai tsawa. Iyaye suna cewa faɗa gare shi, ɗalibai kuma sun ɗauka haka Allah ya yi muryarsa. Ba wanda ya kawo a ransa cewa bawan Allahn nan yana ɗaga murya ne don shi kansa ya ji abin da yake faɗa.

Injin yankan katako ne ya cinye masa kunne, a hankali, shekara da shekaru. A ɗakin aikinsa abin bai dame shi ba, don in inji ya tashi kowa kurma ne, da hannu ake magana. Amma da zarar ya fito, tsoro ya biyo shi. Ya koyi kallon leɓen mutane, ya koyi gyaɗa kai, ya koyi dariya in ya ga ana dariya. Ya san ranar da asirinsa ya tonu, ranar za a karɓe masa makulli, don ba mai barin kurma da 'ya'yan mutane kusa da inji.

"Baban yara, ka je asibiti mana," matarsa takan ce, bayan ta dafa kafaɗarsa ya juyo.

"In je su rubuta, makaranta ta gani? Ki bar ni da abina."

A makarantar, malamar ɗinki ce kaɗai ta sani, ita ma da kanta ta gano. Sai suka yi wata dabara: in ana taron malamai ya zauna kusa da ita, in ta ɗaga hannu ya ɗaga, in ta ajiye ya ajiye.

Wata rana inji ya kama hannun rigar wani ɗalibi, Malam kuwa ya ba shi baya yana gwada wa wasu buga ƙusa. Yaron ya yi ta ihu, bai ji ba. Fuskokin waɗanda ke gabansa ya ga sun canza, kafin ya waiwaya wata ɗaliba ta kashe injin. Riga ce kawai ta yage, maganar ta wuce a haka. Amma tun ranar, in Malam Zarto zai kunna inji sai ya duba fuskar kowa tukuna.

Ana cikin haka maganar sauyi ta taso: a cire aikin katako da ɗinki, a mayar da ɗakunan na kwamfuta da gwajin kimiyya. Makaranta ta rabu biyu. Wasu suka ce zamani ya wuce guduma, wasu suka ce ai kwamfutar ma a kan tebur take zama, wa zai ƙera teburin? Da surutu ya ƙi ƙarewa, shugaban makaranta ya kira taro a yi ƙuri'a.

A bakin ƙofar taron malamar ɗinki ta raɗa masa wata magana, fuskarta na kallon wani waje. Ya gyaɗa kai kamar yadda ya saba. Shugaban kuwa irin mutanen nan ne masu magana kai a sunkuye, Malam bai tsinci ko kalma ɗaya ba. Can ya ga hannun malamar ya tashi, shi ma ya ɗaga nasa.

Ɗakin gaba ɗaya ya juyo yana kallonsa. Malamar ta ja rigarsa, ta kawo fuskarta daidai tasa.

"Malam, sauke! Masu son a rufe ne suka ɗaga. Ai na faɗa maka yau kada ka bi ni, ni idona ya gaji da allura."

Shugaban ya ɗago kai, wannan karon leɓensa a fili.

"Malam, ka ji abin da aka tambaya kuwa? Hannunka ne fa ya kawo rinjaye."

In ya ce bai ji ba, za a sake ƙuri'a, ɗakin aikinsa ya tsira, shi kuma kowa ya gane ba ya ji. In ya sauke kawai ya ce kuskure ne, gobe zai koma ya kunna injin nan, ya juya wa wani yaron baya. Yagaggiyar rigar nan ta dawo masa a ido. Hannunsa na sama, bai sauke ba.

"Na ji," ya ce, da ƙarfi kamar kullum.

Bayan taro ɗalibai suka shigo darasin ƙarshe. Bai kunna inji ba. Ya raba musu zarton hannu, ya je ya jingina da bango inda yake ganin fuskar kowa, yana kallon zartuna suna kai da kawowa, ko ɗaya ba ya ji.