Tsohon Ƙwai a Ɗakin Haihuwa

Shekarar da takarda ta zo daga Yamai cewa a canza ƙwayayen lantarki na duk gine-ginen hukuma, ni kaɗai ne mai gyaran wuta a ofishin magajin garin Filinge, wanda mu muke ce wa meri. Sakataren meri ya kira ni da safe, ya karanta mini takardar da Faransanci, ya sake maimaita ta da Hausa duk da ya san na ji. Wai tsofaffin ƙwayaye masu jan haske suna shan wuta da yawa, injinan da ke ba da wutar kuma suna ƙara hayaƙi a duniya. Za a sa sababbi farare masu cin wuta kaɗan. Kada a bar tsoho ko ɗaya. Wani zai zo daga Yamai ya duba aikin.

Na ce, "Yaushe zai zo, yallaɓai?"

Ya ce, "Ba su faɗa ba. Kai dai ka gama kafin ya zo."

Aka jibge mini kwalaye a ɗakin ajiya. Na ɗaure tsani a bayan babur na fara. A takarda aikin ba shi da wuya, ka cire wannan ka sa wancan. Amma tsofaffin irin waɗanda ake turawa a ɗan murɗa ne, sababbin kuwa masu zare ne, don haka kusan ko'ina sai na canza mazaunin ƙwan gaba ɗaya. In na taɓa mazauni sai waya ta marmashe a hannuna. A wata lekol, wato makarantar boko, rina ta yi gida a jikin silin, ta harbe ni a wuya sau biyu. Kowane ofis na shiga sai an yi mini ƙorafi, wannan ya ce farin hasken yana sa shi ciwon kai, wancan ya ce me ya sa aka fara da maƙwabcinsa. Ni dai in hau, in sauko, in ja tsani gaba. Da yamma in na koma gida ko hannu ba na iya ɗagawa sosai in yi alwala.

Sanyi ya shigo kafin in gama cikin gari in fita ƙauyukan da wuta ta kai. Na ƙarshe a jerina wani ɗan asibiti ne a wani ƙauye kan hanyar Bonkuku, ɗaki uku da baranda. Na isa da hantsi, na gama baranda da ɗakin magani da na kusa da shi, na kunna su, sannan na ja tsani zuwa ɗakin haihuwa.

A can na tarar da ungozomar wurin, tsohuwa ce siririya, ta girme ni nesa. A gefen gado akwai akwatin katako, irin na sabulu, an shimfiɗa zane a ciki. Ƙwan ɗakin ba a sama yake ba, an ƙara masa waya ya sauko har kusa da bakin akwatin. Wata mace tana kwance a tabarma tana barci. Na yi sallama a hankali, na kafa tsani.

Tsohuwar ta ce, "Malam, mi za ka yi?"

Na ce, "Ƙwai zan canza, Inna. Umarni ne daga sama."

"Wannan kam ba ka taɓa shi."

Na fara yi mata bayanin da na yi wa mutane har na gaji da jin muryata. Ba ta bari na kai ƙarshe ba. Ta kama hannun rigata ta kai ni baranda, ta ce in taɓa sabon ƙwan da na kunna. Na hau na taɓa. Da kyar za ka ce yana kunne. Ta mai da ni ɗaki, ta ce in sa hannu a ƙarƙashin tsohon. Ɗumi ya sauka a bayan hannuna. Sai a lokacin na leƙa cikin akwatin. Jariri ne, bakwaini, kansa bai fi lemun zaƙi ba, an naɗe shi har wuya.

Ta ce, "Ni ba haske nika nema nan ba. In uwar tana farke, a ƙirjinta yake kwana. In barci ya ɗauke ta, nan nika sa shi. Kwana shida ke nan."

Na ce me ya hana a kai shi babban asibiti a gari. Ta ce wanda ba ya kama nono shi take turawa, ko ana ruwa ko ana iska. Wannan yana sha. In aka ɗora shi a amalanke cikin wannan sanyi, ba ta san abin da zai isa Filinge ba.

Na naɗe tsanina na fita.

Da na koma meri na faɗa wa sakatare gaskiya, saura ƙwai ɗaya, ga kuma dalili. Ya daɗe yana murza idanunsa. Shi ma a gajiye yake, takardu sun yi masa tsibi a gaba. Ya ce, "Takarda ta ce ko ɗaya. Ni ban ji abin da ka faɗa ba. Je ka."

Mai dubawar bai zo ba sai da zafi ya kama. Mutum ne mai ladabi, da fayil a hammata, yana ce mini Baba. Muka zaga gari a motarsa, yana ɗaga kai yana sa alama a takarda. Ina ta fatan ya gaji kafin mu kai ƙauyen, bai gaji ba. Da muka shiga ɗakin haihuwa akwatin babu kowa, amma ƙwan yana nan yana lilo a kansa. Na tambayi tsohuwar jaririn. Ta ce an tafi da shi gida tun tuni, yana nan da ransa, har ya yi kumatu.

Ta yi wa baƙon bayani kamar yadda ta yi mini. Ya saurara har ƙarshe, bai yi gardama ba. Ya ce abin da take bukata na'urar ɗumama jarirai ce ta gaske, kuma zai rubuta haka. Sannan ya nuna mini takardarsa. Gidan sa alama biyu ne kawai a gaban sunan kowane gini, an canza ko ba a canza ba.

Ya ce, "Baba, ka ga ba ni da wurin da zan sa wannan labari."

Ya sa alama a gida na biyu. Saboda ƙwai ɗaya, duk asibitin ya zama bai cika ƙa'ida ba, sunan meri kuma ya shiga jerin waɗanda ba su gama ba. Sakatare bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi in koma in gama.

Na koma ranar da ba kasuwa, cikin rana tsaka. Na yanke wayar da aka ƙara, na sa farin ƙwai a sama yadda takarda take so. Tsohuwar tana tsaye a bakin ƙofa tana kallona. Da na sauko na zauna a ƙasa, na ɗauki tsohon ƙwan da mazauninsa, na haɗa masa doguwar waya da abin sokawa a bango, na kafa ƙusa a gefen akwatin inda za a rataye shi. Na soka, ya kama. Na zare, na naɗe wayar na miƙa mata.

Na ce, "Wannan ba fitilar gini ba ce yanzu, Inna. Kayan aikinki ne, kamar almakashi. In babu bukata ki sa a aljihun tebur."

Ta juya shi a hannunta, ta ce, "Tafiya ukku don wannan?"

Na ce, "Uku."

Na'urar ba ta zo ba har na bar aiki. Tsofaffin ƙwayaye kuma suka yi ta ɓacewa daga kasuwa, ƴan tireda suka daina kawo su don babu mai nema. Duk lokacin da nata ya ƙone sai ta aiko mini da saƙo ta bakin masu zuwa cin kasuwa, ni kuma in bi shaguna ina tambaya, wani lokaci a samu a ƙasan kwali, wani lokaci a yi mini dariya. Na ƙarshen da na aika mata daga zauren gidana na cire shi, na naɗe a tsumma na ba wani direba. Bayan wannan ba ta sake aikowa ba. Daga baya na ji ta koma wurin ɗanta a Damana saboda idanunta, an kawo wata a madadinta. Ban je na ga yadda sabuwar take yi da sanyi ba.