Dalma Mai Girman Ƙwayar Dawa

Abu biyu aka taɓa ce mini ba za su yiwu ba, kuma tsakanin faɗin na farko da na biyu an yi shekaru saba'in. Na farko dattawan ƙauyenmu ne suka faɗa, cewa ba a harbin dila a bakin garke ba tare da tunkiya ta bi shi lahira ba. Na biyu ɗana ne ya faɗa a nan Guangzhou, cikin ladabi amma yana danne dariya, cewa tsohon da ke zaune a hawa na goma sha huɗu a ƙasar Sin ba shi da abin da zai tsinana wa garken da ke can ƙauye. Ni kuwa, da na yi shekara talatin da biyar ina koyar da 'ya'yan mutane, ban saba a yanke mini hukunci kafin a ji bayanina ba. Saboda haka, mai karatu, ka ba ni aron hankalinka.

Watanni huɗu ke nan ina zaune wurin ɗan nan nawa, wanda ke sayen jakunkuna yana aikawa gida. Wata rana ya tafi da ni Shiling, garin da ake kasuwar jakunkuna, a mota don in sha iska. Yana can yana ciniki, sai na tsaya gaban shagon wata mata mai sayar da ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ake yi wa jaka ado da su. Ta jera su a faranti huɗu, kowane faranti da girmansa. Ta kira ni lawban, wato maigida, tana nuna mini su da hannu. Ban saya ba. Na dai tsoma yatsuna a faranti na biyu, na ji sanyin ƙarfen da nauyinsa, sai ga ni a zauren kakana, shekarata takwas.

Kakana ba maharbi ba ne, makiyayi ne mai bindiga. Yana da tsohuwar bindigar gargajiya, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, da 'yan goruna huɗu a rataye a bango. A cikinsu akwai dalmar da yake narkawa da kansa, kuma bai san ta da lamba ba, da sunan amfanin gona ya san ta. Akwai gero, akwai dawa, akwai wake, akwai gujiya. Gero na zabin daji ne da fakara. Gujiya ta gyado ce, guda ɗaya tak ake sakawa. Zauren kullum warin man gyaɗa yake yi, wanda yake shafa wa bindigar, haɗe da warin buzun da yake salla a kai.

A shekarar da nake magana, da kaka ta shigo tumaki suka yi ta haihuwa, sai dila biyu suka gano mu. Sukan zo da sassafe, lokacin da maza ke dawowa daga masallaci gari bai gama wayewa ba, su shiga ta ƙasan zana. Cikin mako biyu 'yan raguna biyar suka tafi. Baffana, ƙanen mahaifina, saurayi ne a lokacin mai zafin zuciya. Ranar da kakana ya tafi ta'aziyya wani gari, sai baffan nawa ya sauko da bindigar. A tunaninsa, maganin ɓarawo shi ne abin da ya fi girma, don haka ya ɗura gujiya.

Ya kuwa samu dilan, ba a hana shi wannan ba. Amma dalmar ta ratsa dila, ta ratsa zana, ta samu farar tunkiyar kakata a wuya. Wannan tunkiya ita ce wadda kakata ta zo da uwarta daga gidansu, kuma kwananta huɗu da haihuwa. Aka yi maza aka yanka ta kafin ta cika. Har yau ina ganin kakata tsaye da muciya a hannu, ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, ta dai ce a raba naman a kai wa maƙwabta, ita ba za ta ci ba.

'Yar tunkiyar da aka bari marainiya kakata ta ɗauko ta aza mini a cinya. Ta ce tunda ni ne maigidanta, kuma maigidan kirki ba ya rasa dukiya, to ga tawa. Da tsumma nake tsoma nonon akuya ina matsa mata a baki. Ta ɗauke ni uwa, duk inda na sa ƙafa tana biye, in na ɓace mata kuwa ta dinga kuka ke nan har sai an gaji an nemo ni.

Dila na biyu bai daina zuwa ba. Dattawa suka taru a ƙofar gidanmu bayan la'asar, kowa da shawararsa. Wani ya ce a zuba guba a nama. Wani ya ce a kwashe garken a kai gidan surukai sai damina. Abin da suka haɗu a kai shi ne ba a sake harbi a wurin ba, domin an gani da ido. Kakana ya saurare su duka. Gubar ya ƙi, ya ce karnukan gari da ungulu ba su ci masa komai ba. Sauran kuwa ya ce Allah ya kai mu.

Baffana bai sha duka ba, bai sha zagi ba. Abin da ya sha ya fi haka nauyi, domin washegari kakana ya sa shi ya ɗauki bindigar, ni na ɗauki gorunan, muka fita bayan gari. Kakana ya rataye wani tsohon buzu a reshen aduwa, ya ajiye fasasshiyar ƙwarya a bayansa da taku biyar, ya auna taku ashirin da biyar ya tsaya. Da gero, dalmar ta watsu kamar an sheƙa ƙaiƙayi, ta yi wa buzun ƙyanda amma ba ta shige shi sosai ba. Kakana ya ce wannan raunata dila kawai zai yi, ya tafi ya ruɓe a rami, kuma duk ɗan ragon da ke kusa sai ya samu rabonsa. Da wake, buzun ya huje, ƙwaryar ta tarwatse. Aka canza ƙwarya. Da dawa, buzun ya huje a wuri ɗaya mai faɗin faifai, ƙwaryar kuwa ta ɗan girgiza, ƙwaya biyu suka maƙale a jikinta ba su fita ba. Gujiya ko gwada ta bai yi ba.

Sai ya juya ga baffana ya ce: "Kai ka auna dila, ka auna daidai. Abin da ke bayan dila ne ba ka auna ba."

Bayan haka kakana ya yi kwana biyu yana bin sawu. Ya gano cewa dilan na biyowa ta gefen wani babban suri da ke gabas da garken, taku kaɗan daga zana. Nan yake so dilan ya tsaya, surin na bayansa. Amma dila ba ya tsayawa don an roƙe shi. Sai an ba shi dalili, kuma a duk garken babu mai kukan da zai jawo shi sai marainiyata.

Kakana bai ɗauke ta da ƙarfi ba, ko da yake yana da iko. Ya tambayi kakata, ta ce ai dukiyar ba tata ba ce, a je a nemi maigida. Ya same ni a bayan rumbu, ya tsuguna har gwiwarsa ta yi ƙara, ya kira ni abokin takara, kamar yadda ya saba tsokanata a kan kakata. Ya gaya mini gaskiya ba ragi: za a ɗaure ta a turke, zan ɓoye ta yi kuka, dila zai zo. Na tambaye shi ko zai iya kuskure. Ya ce ɗan Adam ne shi. Na ce to in ya kuskure, na sake masa matar ya riƙe, ba na so. Ya yi dariya har ya share ido, ni kuwa da gaske nake.

Da aka idar da sallar asuba muka ɗaure ta, ba a gaban surin ba, can gefe da taku goma, ta yadda dila zai ratsa gaban surin kafin ya kai gare ta. Muka kwanta a bayan tarin kara. Raɓa ta jiƙa mini riga. Tana kuka tana jan igiya tana neman inda na shiga, ni kuma na cusa fuska a ƙasa don kada in amsa. Gari ya yi fari-fari, sai ga shi, siriri, kunnuwa a miƙe, yana taku uku yana tsayawa. Ya zo daidai surin ya ɗaga ƙafa ɗaya yana sauraro. Kakana ya sakar masa dawa, ƙarar ta toshe mini kunne, hayaƙi ya rufe mu. Da ya washe, dila na kwance, jan ƙasa na zubowa daga jikin surin, marainiyata kuwa ta tsinke igiya tana tahowa a guje. Ko gashi ɗaya bai bar jikinta ba.

Garken da muke da shi yau daga tsatsonta yake, kuma jikana, ɗan babbar 'yata, shi ke kula da shi. Kwana uku bayan zuwanmu Shiling ya kira ɗana a waya, ya ce dila ya ɗauki 'yan raguna uku. Ya samu maharbi mai lasisi, kuma sun yi shawarar a nemo harsashi mafi ƙarfi. Ɗana ya ce a bar batun bindiga, zai sayi ragar waya da fitilu masu aiki da hasken rana ya loda a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Na ce madalla, amma jirgin ruwa makonni yake yi, dila kuwa gobe zai dawo. A nan ne ya faɗi maganar nan ta hawa na goma sha huɗu.

Na karɓi wayar. Jikana ya fara nuna mini gawar ɗan rago, na ce na gani, ya juya ya nuna mini abin da ke bayan garken. Inda surin yake a da, yanzu katangar langa-langa ce ta maƙwabci, da hanyar da mata ke bi zuwa famfo. Ƙauyen ya matso har ya rungume garken.

Na ce masa: "Abokin takara, je ka rumbu ka ɗebo dawa. Maharbin ya buɗe harsashi guda ka aza ƙwayarsa kusa da ita. In ta fi dawa girma, mayar masa da abinsa."

Na sa ya bi sawu kwana biyu, ya jera buhunan yashi tsayin ƙirji a inda dilan ke ratsawa, ya sanar da maƙwabta kada kowa ya fito kafin rana ta ɓullo. Ya yi ƙorafi cewa aikin ya yi yawa a kan dila guda. Na ce haka baffana ma ya gani.

Ranar da za a yi, asubarsu ta zo daidai da azahar ɗinmu. Na idar da salla na zauna a kan darduma, wayar na gabana. Ɗana ya fasa fita kasuwa, wai kansa ke ciwo, amma ina lura da shi yana kai da komo a bakin taga. Da hoto ya shigo daga jikana shi ya riga ni dubawa: dila a kwance, yashi na tsiyaya daga buhu, langa-langar maƙwabci ba ko tabo, 'yan raguna na tsotso. Ya miƙo mini wayar da hannu biyu, ni kuma ban tuna masa da maganar hawa na goma sha huɗu ba.

Kakana bai san ranar da ya yi nasa harbin ba, kakar bana da ta bara kawai ya sani, don haka ranar ta ɓace tare da shi. Wannan ba na so ta ɓace. A rubuta a bangon littafin da jikana ke lissafa haihuwar tumaki, a ƙarƙashin sunan kakana ba nawa ba: Talata, goma sha ɗaya ga watan Sha'aban, a shekarata ta saba'in da takwas.