Ranar da Turmin Inna Ya Hau Turmai

Wata Asabar ce bayan Ƙaramar Sallah, a shekarun da yaƙin Suez ya lafa, Baba ya shigo ɗakinmu na unguwar Darrasa da mukulli a tafin hannu. Ya ce gwamnati ta gina wa ma'aikatan masaƙa gidaje a Shubra, kuma sunansa ya fito. "Ku ɗaure kaya, gobe turmai za mu hau." Ni kuwa sai na dubi turmin Inna a kusurwa, ina mamakin yadda dukanmu za mu shige cikinsa. Ashe haka Misirawa ke kiran jirgin cikin gari mai bin waya.

Turmin nan na kirya ne, tun daga Haɗeja ya taso, ya ratsa Sudan a kan hanyar hajji. Inna takan ce, "Na baro uwa, na baro uba, ban baro turmi ba." A tashar Ataba muka tsaya da shi, sai ga jirgin ya taho yana kaɗa ƙararrawa, ba doki ba hayaƙi, wuta na tartsatsi a samansa. Na ƙanƙame taɓaryar da ke hannuna. Mai yankan tikiti ya ce, "Ya hajja, ganga kuma?" Inna ta kife turmin ta zauna a kai kamar sarauniya. Ya yi dariya ya ce, "Yalla, mu tafi!"

Gidajen kuwa, sai wanda ya gani. Benaye ne a jere, iri ɗaya sak, mu a can sama. Ka murɗa ƙarfe ruwa ya zubo, ka taɓa bango ɗaki ya haske. Na yini ina buɗe famfo ina rufewa har na sha rankwashi. Jiniyar masaƙa ke tashinmu, maza su kwararo kamar tururuwa, mu yara mu hau rufin bene mu yi shanya, mu kori tantabaru, mu sauko a guje muna tsallake matakala.

Sai Inna ta samu gero ta ɗaga taɓarya. Bene ya amsa tun daga sama har ƙasa. Ummu Sayyid, maƙwabciyarmu ta ƙasa, farar ƙasar rufinta ta zubo mata cikin miyar lalo. Mai kula da gidajen ya zo ya ce da Baba, ko turmi ko gida. Baba ya ce, "Haba Inna, ice ne fa." Inna ta ce, "To, ni da icen mu koma Darrasa." Ta ɗaure kayanta. Ni ina gefen famfo ina kuka, don na tabbata rabuwa da shi ta zo.

Ana haka Ummu Sayyid ta hawo tana haki, wai sai ta ga abin da ya ɓata mata miya. Ta kewaya shi, ta shafa bakinsa. Su Misirawa nasu turmin ɗan ƙarami ne na tagulla. Inna ta miƙa mata taɓarya. Ummu Sayyid ta buga sau ɗaya, ta buga na biyu, ta fashe da dariya: "Ma'alish, ba komai, ya Sudaniyya, wannan ai ƙasa yake so!" Haka suke kiran duk baƙar mace. Ta kira 'ya'yanta suka sauke shi ƙarƙashin matakala. Kafin wata ya ƙare mata na layi da shinkafa da alkama, Inna na koya musu lugude, har da matar mai kula da gidajen.

Yau ina unguwar Faisal wurin ɗana. An tone hanyar jirgin, sai ƙananan bas masu ihu, kuma jikokina da inji suke niƙa. Turmin yana ɗakina, ya tsage ta gefe. In na ce musu ya taɓa hawa turmai, dariya suke yi. Su yi ta yi. Ni ce na riƙe taɓaryar a ranar.