Hawa Huɗun Kawu Sambo

Kun dai san Kawu Sambo, ba ya duba aikin kwamfuta a kan kwamfuta. Sai an buga masa a takarda, ya baje ta a tabarma, ya zaro jan biro daga cikin hula. Har katin gayyatar suna ya taɓa yi wa gyara ya mayar wa mai shi!

Shekarar da na rubuta wa ƙungiyarmu ta manoman rani a Goronyo manhajar jera ranakun ban ruwa, shi ya duba min. A cikin kwamfutar, takardar kowace gona tana cikin jaka mai suna, jakar cikin wata jakar, har hawa takwas.

"Ke Balki, wa yac ce miki takwas?"

"Na yi lissafi, Kawu. Haruffa ɗari biyu da sittin kwamfutar ke iya bi, daga jakar farko zuwa ta ƙarshe. Sunan kowace jaka haruffa talatin, sau takwas, ai da saura."

"Talatin! Bello nawa ag garin Rimawa? In ba ki ce Bello na gidan Sarkin Ruwa mai jan babur ƙanen Ladan ba, wa ka gane shi? Sa sittin. Hawa huɗu, ki rubuta dalili bisa."

Na ce to, na bar takwas ɗina. Mutumin da ya hana matarsa jera kwanuka fiye da huɗu cikin juna, wai na ƙasan ba ya shan iska, wa zai biye masa?

Bayan sati uku sai ga Inna Kulu, mai riƙon marayu biyar, ido jawur. Sau biyu ana raba ruwa babu gonarta a jerin, albasa ta fara kwanciya. Ashe gonar da sunan marigayi mijinta take, wani Bello mai doguwar inkiya. Haruffan sun yi yawa, manhajar ta tsallake ta shiru.

Na kai wa Kawu maganar. Na jira faɗa.

"Mi kika jira? Gyara, ki rubuta dalili don wanda za ya zo bayanki."

Shi ke nan abin da ya ce. Ya ɗaure injin ban ruwansa a babur, injin da ko ƙaninsa bai taɓa ara wa ba, kwana uku yana jawo mata ruwa daga gulbi har albasar ta miƙe. Da 'yan ƙungiya suka taso da zafi suna neman mai laifi, ya ce, "Ni nid duba aikin, ku yi da ni."

Sun kuwa yi da shi, har ya rasu bai tanka ba. To yau ku ji, ni ce mai laifin.

Allah ya rufa masa asiri yadda ya rufa min, ya sanyaya makwancinsa.