Cuku a Cikin Batta

Kakata Falmata ba ta cikin tsofaffin nan masu lallashin jikoki. A gidanmu na Gure, idan sanyi ya shigo, ana gama tuwon magariba sai a hura wuta a kasko tsakar gida, mu kewaye ta kamar 'yan tsaki. Ita kuwa sai ta miƙe ƙafafu a kan tabarmarta, ta yi ta kallonmu ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen albasa a kasuwa ta rasa ta kirki. Bamangiya ce, daga Barebarin Manga, tana da tsaga a fuska. Idan harshen wuta ya tashi, tsagar nan sai ta fito raɗau, ni kuma aikina ke nan, in yi ta ƙirga ta a zuci: huɗu a kuncin dama, huɗu a na hagu, ɗaya daga goshi zuwa karan hanci.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran kakanni ke yi. Cewa take, "Mai gyangyaɗi shi tashi tun yanzu, ni ba na zuba ruwa a hudajjen tulu." Sai kowa ya gyara zama.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wata tsohuwa a Gidigir da 'ya'yanta uku da suka tafi da shanunta kiwo can arewa, wajen Alakos. Wata rana ta aika musu cewa tana marmarin nonon shanunta. Tsakaninsu kuwa tafiyar kwanaki ce cikin tudun rairayi. Babban ya cika gorunan duniya da madara, ya lafta wa jaki. Jaki ya yi ta nutsewa a rairayi, madara ta yi tsami, goruna suka farfashe, ya iso bayan kowa da igiya a hannu. A nan Kaka takan taɓe baki ta ce, "Jakuna biyu ne suka taso, ɗaya na ɗauke da kaya, ɗaya na kora."

Na tsakiya ya yi cuku yadda uwarsa ta koya masa. Ya shimfiɗa daskararren nono a kan asabari, ya matse ruwan, ya shanya, kullum yana gutsura yana ɗanɗanawa, har ya kai inda ya yi sauƙin ɗauka amma bai rabu da garɗinsa ba. Sai ya ɗaure ya kama hanya.

Autan kuwa ɗan na-iya ne. Ya ga cukun yayansa ya ce har yanzu da nauyi. Ya ƙara shanyawa, ya daka, ya tankaɗe, ya sake shanyawa, har nonon garke guda ya shiga 'yar batta irin ta taba. Ya sa a aljihu ya sheƙa a guje, ya riga kowa isowa, yana ta kiran mutanen gari su zo su ga ikon basira. Uwar ta juye garin a ƙwarya ta zuba ruwa, ta kurɓa, ta ji farin ruwa ne kawai. Ta ce masa, "Ina zanen asabarina?" Domin kowane cuku yana fitowa da layin asabarin da aka shanya shi a kai, da shi mace ke gane nata. Ya ce ai duk yana ciki. Ta ce, "Abin da rana ta sha, ba ta amayarwa."

Daga nan Kaka sai ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Ta ƙare. Wanda ya gane ya gane, wanda bai gane ba Allah shi ba shi jaki."

Ƙanena Bukar kullum sai ya ce shi dai autan ya fi burge shi, tunda shi ya fara isowa. Kaka takan dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Kai dai, Allah shi sa ba a hannunka za a bar mini shanu ba." Mu yi ta dariya. Da mun san abin da ke tafe, da mun rage dariyar.

Kawunmu Ari yana aiki a Arlit a lokacin, shi ya zo da kamera irin mai kaset. Ya ɗauki bukukuwan aure, sunaye, hawan raƙuma, har da ranar da aka yanke dabinon lambunmu na kwari. Sau ɗaya tak ya ɗauki Kaka tana ba da wannan tatsuniya a bakin wuta, ita ma da ƙyar ta yarda. "Mi wannan mai ido ɗaya ke kallo a huskata?" in ji ta. Hotonta ke nan kaɗai a duniya, don ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Bayan rasuwarta Kawu ya kai kaset-kaset ɗin Damagaram aka juye su a wani disk da bai fi tafin hannu ba. Kaset ɗin kansu aka watsar a akwati, yoyon ɗaki ya fara, gara ta ƙarasa. Disk ɗin ya zo hannuna don ni ce babba.

Dangi sun watsu, wasu Yamai, wasu Agadas, wasu Difa, kowa yana son ya ga bikin uwarsa a wayarsa. Aka gwada ɗora bidiyo ɗaya a intanet yadda yake. Wanda ya san rezon Gure, wato sabis ɗin waya, ya san sauran labarin: amarya ta ɗaga ƙafa, hoto ya tsaya, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a tsakiya har shayi ya huce. Mega kuwa, wato datar waya, tana ta tsiyayewa.

A nan Bukar ya dawo daga Yamai da odinatar, wato kwamfuta, a jaka da tabarau wanda likita bai rubuta masa ba. Ya yi kwas na wata shida, amma in yana magana sai ka rantse shi ya haƙa rijiyar da intanet ke fitowa.

"Yaya, ki ba ni disk ɗin nan," ya ce. "Matse su zan yi. Bidiyo cike yake da abin da ido bai gani, shi za a hidda, sai shi yi sauƙin tahiya."

Na ce, "Ba zai lalace ba?"

Ya yi mini murmushin da ake yi wa wadda ba ta je makarantar lakwal ba, alhali ni na riƙa kai shi. "Yaya, wannan aikinmu ne."

Kwana biyu ya yi. Bidiyo wajen arba'in, na rana da na duhu, na rawa da na zaune, duk ya auna su da mudu ɗaya, mudun ma mafi ƙanƙanta da injin ke da shi. Ko ɗaya bai buɗe ya duba ba. Abin da yake dubawa lamba ce kawai, tana raguwa yana washe baki. Ya cika dangi da saƙon murya cewa bikin awa biyu ya koma nauyin waƙa uku, ko a bayan tudun Alakos zai buɗe. Aka yi ta sa masa albarka, har wata gwaggonmu ta ce a nema masa mata.

Washegarin sallar layya da la'asar muka taru a ɗakina, ya haɗa wayarsa da talabijin. Gaskiya bidiyon ba ya tsayawa, wannan kam na ba shi. Na rana ma da sauƙi, ko da yake atamfofin mata sun koma kamar an wanke su da kanwa sau ɗari, amma ana gane kowa. Sai 'yata Ummi, wadda sunan Kaka ne da ita, ta ce a sa mata mai sunanta. Shekararta tara, ba ta taɓa ganinta ba, labarin tsagar kawai take ji a bakina.

Aka sa. Duhun tsakar gidanmu ya koma tubala-tubala baƙaƙe masu rarrafe. Wutar ta zama wani jan tabo mai kumbura yana sacewa. A gefenta ga wani abu mai siffar mutum, fuska sumul kamar an shafe ta da laka, ba ido sosai, ba tsaga ko ɗaya. Muryar kuma kamar daga cikin tulu.

Ummi ta matsa kusa da talabijin ta ce, "Mama, ina tsagar?"

Na juya wajen Bukar na ce ya ɗauko disk ɗin mu sa na asali. Ya cire tabarau ya fara goge shi da bakin riga.

"Na goge, Yaya. Na zuba kayan aikina a ciki. Mi za a yi da abu biyu iri ɗaya? Ai duk yana ciki."

Ai duk yana ciki. Kalmar autan tatsuniya, ko wasali bai sauya ba, kuma ita muryar da ke cikin tulun tana gab da faɗarta. Garin neman gira ya rasa mana ido, yana tsaye yana jiran a gode masa. Ban zage shi ba, don zagi ma sai wanda ka ɗauka da nauyi. Na ce masa kawai ya kashe.

Na ɗauki disk ɗin har Damagaram wajen wata mata mai haɗa bidiyon biki. Ta duba ta girgiza kai, ta ce an rubuta wasu abubuwa a kai, ba abin da za a tono. Ta ce, "Hajiya, matsewa ba laihi ba ne, mu ma kullum muna yi. Amma minti ɗaya ake hwara gwadawa, a duba da ido, in ya yi muni a sassauta. Na rana yana jure matsa, na duhu da wuta ba ya jurewa, shi ake bari da nauyinsa. Kuma uwar, wato ta asalin, ba a taɓa ta, ajiye ta ake wuri biyu." Magana ce da ba ta fi ta cuku wuya ba, kuma ba kwas ɗin Yamai ta yi ba.

Na daɗe ina jin haushin Bukar, har yau ma in ya fara bayanin injina a taro sai in tashi in duba tukunya. Amma a motar dawowa Gure na tuna cewa Kaka ba autan kaɗai take taɓe wa baki ba. Shekara nawa disk ɗin nan ya yi a ƙasan akwatina, cikin zannuwa, da nauyinsa da kyansa, ba wanda ya kalla? Ko 'yar da ke ɗauke da sunanta ban taɓa zaunar da ita na nuna mata ba, kullum sai gobe. Ni ce mai jakin. Kuma da aka ɗora na farko yana tsayawa, muryar wa ta fi tashi da cewa a rage, a rage, mega na ƙarewa? Tawa. Na miƙa masa abin da ba shi da na biyu ba tare da na ce a kwafa ba, don na ƙagu in ga ya buɗe da sauri. Na tsakiyan nan mai ɗanɗanawa kullum, Kaka ba ta ɓata masa dogon bayani, mu ma ba mu taɓa sha'awarsa ba. A gidanmu dai ba a haife shi ba.

Da sanyin bana na hura wuta a kasko na zaunar da Ummi na ba ta tatsuniyar. Da na gama ta ce in nuna mata yadda tsagar take. Na ɗora yatsa a kuncinta ina ja daga gefen ido zuwa haɓa, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, kin tabbata huɗu ne?"

Na buɗe baki zan ce ƙwarai. Sai na rufe ido na nemi fuskar a bakin wuta yadda na saba, na tarar ita ma ta fara yin sumul, kuma babu inda zan je in duba.