Alƙalan Shayi a Sharafiyya

Tun ina yaro a Damagaram an san ni da abu biyu, surutu da shan shayi. Da na zo Jidda na kama aiki a shagon akwatuna da barguna a Sharafiyya, inda alhazai ke sayen tsaraba, sai surutun ya ƙaru, shayin kuma ya ninka. Idan likita ya ɗebi jinina yau, na tabbata ganye zai gani yana iyo a ciki. Shi ya sa ranar da aminina mutumin Cadi ya shigo shagon, fuska a murtuke kamar an yi masa rasuwa, ya ce shawara yake nema a kan shayi, na gyara zama na tura hula gaba.

Ya daɗe yana ɗaukar kaya a wani sito a Khumra, sai kafilinsa, Balaraben da zamansa a ƙasar yake hannunsa, ya rufe siton. Balaraben yana da kirki daidai gwargwado. Ya ce yana da ƙaramin shagon abinci a Ammariyya, akwai wani lungu a bakin ƙofa da ba a komai da shi, ya kafa tebur a nan ya riƙa sayar wa leburori da direbobi shayin safe. Idan lungun ya riƙe kansa kafin iƙama, wato takardar izinin zamansa, ta ƙare, zai sabunta masa. Idan bai riƙe ba, halas, sai jirgin komawa gida. Aminin nawa yana da mata da 'ya'ya, yaran duk a Jidda aka haife su, a waya kawai suke ganin Cadi.

Ganye ne ya hana shi barci. Bayan ya sayi butoci da murhun gas da kofuna, abin da ya rage a hannunsa bai wuce na babban kwalin ganye ɗaya ba, kuma dillalin da ke sayarwa a kasuwar Balad ba ya karɓar kaya idan sun bar shagonsa. Ya dai ƙulla masa ɗanɗano iri uku a leda. Akwai na Silan mai dogon ganye, wanda kuɗinsa kaɗai ya isa ya sa mutum zazzaɓi. Akwai na Indiya, matsakaici. Sai na Kenya mai araha, baƙi wuluk, ƙanana kamar tsakin gero.

"Yaya, kai ne mai harshe," ya ce. "Ni duk shayi shayi ne. In na sayi wanda mutane ba sa so, na tashi."

Na ce harshe ɗaya bai isa wannan shari'a ba, sai an kafa kwamiti. Na gayyaci wani dattijo Bahaushen Sudan, tsohon tela, wanda duk muke ce wa Baba. Na kuma gayyaci maƙwabcina mai shagon turare, wani Alhaji Bakano. Wanda bai sani ba, mu Damagarawa da Kanawa abokan wasa ne tun kakanni. Ni da Alhajin nan kullum gaisuwarmu ta safe zagi ce, ranar da bai kira ni bawansa ba sai in leƙa in ga ko lafiya.

Kafin zaman sai da na yi wa kwamiti darasi. Na taɓa ganin wasu Turawa a waya suna yi wa wiski alƙalanci. Allah ya tsare mu da abin da ke cikin kofin, amma salon ya burge ni. Mutum ya ɗaga kofi ya duba launi a haske, ya cusa hanci, ya kurɓa, ya riƙe a baki kamar mai alwala, ya haɗiye, ya yi shiru yana jiran abin da zai saura a maƙogwaro, sannan ya faɗi ko abin ya ci kuɗinsa. Baba ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Tamam. Amma za a sa sukari ko?"

Muka yi zaman farko ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a gidan aminina a Ammariyya. Mun tarar an shimfiɗa dardumar baƙi, an turara ɗaki. Matarsa ta dafa shinkafa da naman rago, tire har yana nishi. Na san halin da suke ciki, na san naman nan daga ina ya fito. Muka ci har muka kasa tanƙwara. Sannan shayi ya fara fitowa daga bayan labule, ita da kanta take dafawa.

Na Silan ya zo. Muka ɗaga, muka shinshina, muka kurɓa. Baba ya ce masha Allah. Alhaji ya ce madalla. Ni na ce wannan ko sarki aka ba sai ya tambayi sunan mai dafawa.

Na Indiya ya zo. Gaskiya warin kwalin da ruwa ya taɓa yake yi. Na riƙe shi a baki ina neman inda zan kai shi, na ga labule yana motsi, na haɗiye. Na ce yana da natsuwa. Baba ya ce masha Allah. Alhaji ya shanye nasa tas har yana kife kofi.

Na Kenya ya zo, aka sake jera masha Allah da madalla.

"To, wanne ke nan?" aminina ya tambaya, yana duban mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗana, duk wanda Allah ya sa wa albarka," in ji Baba.

Ya yi murmushi ya yi godiya, amma na ga kafaɗarsa ta sauka. Ya ciyar da mu rago, mun bar shi inda muka same shi. A hanya na tare Alhaji da faɗa, na ce kai da bakinka ba ya raga wa kowa, yau me ya same ka?

"Kai bawa, in ci naman mutum, matarsa tana bayan labule tana ji, in ce shayinta bai yi ba? Ba a haife ni haka ba. Kai da ka ce yana da natsuwa fa? Shayi ne ko malamin makaranta?"

Maganarsa ce ta ba ni dabara. Kunya ce ta ɗaure mana baki a gidan mutane, ni kuwa babu mai jin kunyata a duk Sharafiyya. Na sanar cewa an gama da zancen ganyen mutumin Cadi, yanzu ni ne zan fara sana'ar shayi, wani ɗan'uwana ya aiko mini ganye iri uku daga Damagaram, ina gayyatar kowa Juma'a mai zuwa a bayan shago. Ragowar ganyen nan ne dai na cikin leda. Na dafa su yadda masu sammako ke so, da madarar gwangwani da sukari da hel, ɗan kayan ƙamshin nan na shayin Larabawa. Na jera butoci uku a kan akwati babu alama, na ajiye kofunan takarda, kowa ya zuba da hannunsa. Ba nama, ba darduma, ba labule. Aminina ya zauna a gefe a matsayin baƙo.

Da Alhaji ya ji ganyen Damagaram ne, har turare ya fesa ya zo da wuri. Wasu maƙwabta ma suka biyo shi don kallo.

Ya fara da buta ta farko, ta Silan. Ganyen nan idan an dafa shi zalla ƙamshinsa sai ya tsayar da mota a titi, amma da madara ta shiga sai ya suma, ya koma fari fat.

"Wannan madara ce aka nuna wa hoton shayi," in ji Alhaji.

Ya kurɓi na Indiya ya yamutse fuska. "Wannan kuma da kwalin aka dafa, an manta ganyen a Damagaram."

Ya zuba na Kenya. Ja ne jawur kamar ƙasar gini, madara ba ta iya da shi ba. Yana fara cizon harshe, sannan ya saki, ya bar wani ɗan gardi a baya. Alhaji ya riƙe a baki yadda na koya masa, ya lumshe ido.

"Ruwan da aka wanke ƙafar raƙumi," ya ce. "Raƙumin ma mai kaushi."

Aka fashe da dariya, maƙwabta suka ɗora, kowa ya kawo nasa zagin. Baba yana dariya har hularsa na zamewa. Ni ina ramawa, ina cewa me Bakano ya sani a shayi in ban da burodin da yake tsomawa. Hira ta yi daɗi har na manta abin da ya tara mu. Da na waiwaya na ga aminina ya haɗa kai da gwiwa. Makon jiya an yabi duka ukun, yau an zagi duka ukun, iƙama kuma tana ta tafiya. Na ji kamar in shige cikin ɗaya daga akwatunan in rufe.

Na miƙe in zuba masa ko kofi ɗaya ne ya jiƙa maƙoshi. Butar Silan na nan da nauyinta. Ta Indiya har ta yi fata a sama. Ta ukun ce ban gani ba. Can na hango ta tsakanin ƙafafun Alhaji, ya tuttule ta tas, har ya ƙara ruwan zafi a kan ganyen yana jijjigawa. Baba kuma ya miƙa kofinsa yana jira.

"Alhaji, ba wannan ne na ƙafar raƙumi ba?"

"Shi ne. Ina shanyewa ne kada wani Musulmi ya cutu."

"Baba fa?"

"Ni taya shi nake," in ji Baba.

Aminina ya ɗago kai. Ya taso ya ɗaga butocin nan biyu ya ji nauyinsu, ya karɓi ta hannun Alhaji ya leƙa ciki. Ruwa na biyu ne, amma har yanzu ja yake. Ya tambaye ni ganye nawa na zuba, na nuna masa a tafin hannu, bai kai rabin na sauran ba. Sai ya fara dariya a hankali, irin wadda ban ji ya yi ba tun da aka rufe siton. Na gaya wa jama'a gaskiyar ganyen. Alhaji ya ce dama ya sani, don Damagaram ba ta taɓa fitar da abin da ya shanye ba.

Washegari muka je Balad aka ɗora mana kwalin na Kenya, har canji ya ragu ya sayi benci. Farkon fara sana'ar da wuya. Wata rana sai ya koma gida da rabin buta, ya kira ni a waya muryarsa ƙasa-ƙasa, ni kuma in cika shi da labarin yadda wata rana za a riƙa yin layi daga Ammariyya har bakin teku. Layin bai kai teku ba. Amma direbobin da ke kwasar ma'aikata zuwa Khumra sun gano lungun, tsofaffin abokan aikinsa suka riƙa tsayawa kafin motarsu ta tashi, wannan ya gaya wa wancan.

Wata safiya na biya ta wurinsa, na tarar bencin ya cika, wasu a tsaye, shi kuma yana zuba shayi daga sama yana kumfa kamar a ciki aka haife shi. Sai da ya sallami mutane ya matso kusa da ni, yana goge hannu da tawul.

"Jiya kafili ya zo," ya ce. "Ya sha, ya zauna, ya ƙara. Ya ce in kawo masa fasfo ranar Lahadi a sabunta iƙama."

Na buɗe baki zan fara jawabi, ya ɗaga mini hannu.

"Yaya, ajiye wa'azin. Butar nan ta yi mini kaɗan. Yalla, in ka tashi aiki ka raka ni Balad, ka cika mai shagon da surutu har ya gaji ya rage mana."